Filin Tambayoyinku: Ruwan Assop da Gangaren Hawan Kibo

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato fita da mota zuwa kan tsauni don kallon ruwan da ke zubowa daga dutse. Mun zaɓi shida daga Bauchi da Gombe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarana sun ishe ni da son ganin ruwan nan mai faɗowa daga kan dutse da suke gani a waya. Akwai wanda mota ke kaiwa kusa da shi, mu je mu dawo a yini guda? (Wani magidanci, Fadaman Mada, Bauchi)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma wanda ya fi maka sauƙi shi ne magangarar ruwa ta Assop a Jihar Filato. Tana gindin Hawan Kibo, wato doguwar gangarar da ake saukowa daga tsaunin Jos, a kan titin da ya tashi daga Jos zuwa Akwanga da Abuja, kuma daga bakin kwalta zuwa ruwan ɗan taku ne a ƙafa. Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba a Jihar Nasarawa ya fi shi tsayi nesa ba kusa ba, don ya kai mita 150, sai dai ba a bakin titi yake ba. Sai an bar kwalta an bi hanyar burji, sannan a taka da ƙafa, ba tafiyar yini ɗaya da ƙananan yara ba ce. Magangarar Matsirga kuwa tana can kusa da Kafanchan, gaba da Assop.

Daga Bauchi za ka ɗauki hanyar Jos, ka wuce Dutsen Zaranda, ka bi ta Nabordo da Magama Gumau da Tilden Fulani, kimanin kilomita 130. Ka ratsa Jos da Bukuru har shataletalen Mararrabar Jama'a. A nan ake yin kuskure: hannu ɗaya ya nufi Barikin Ladi da Mangu, ɗayan kuma Riyom da Akwanga, shi ne naka. Daga Jos zuwa Assop kilomita 60 ne da 'yan kai. Idan ka haɗa da cunkoson cikin Jos da shingayen jami'an tsaro, ka ƙiyasta awa huɗu. Saboda haka a tashi da an idar da sallar Asuba, a isa wajen goma na safe, a juyo kafin ƙarfe biyu na rana, Magariba ta same ku a gida. Mutanen Gombe suna da ƙarin kilomita 150 da wani abu kafin ma su iso Bauchi, gara su kwana a Bauchi ko a Jos.

Zuwa da dawowa kusan kilomita 400 ne. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci lita 40, hawa da gosulo su ƙara mata, don haka ka yi lissafin lita 50, ka kuma ƙara mai a Jos ko Bukuru kafin ka gangara. Ka riƙe tsabar kuɗi na shiga wurin, kada ka dogara da tiransifa a tsakanin duwatsu. Ku yi guzurin masa da ruwan sha daga gida. Dankalin turawa da kabeji da karas na bakin hanya kuwa a bari sai a dawowa, kada a ƙara wa mota nauyi a gangara.

Abu na ƙarshe, yankin Riyom yakan samu tashin hankali lokaci zuwa lokaci. Ana gobe tafiya ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da ke jigilar Abuja ta Jos halin da hanya ke ciki. Su ne suka bi ta jiya, labarinsu ya fi na Facebook. Idan suka ce a dakata, a dakata.

TAMBAYA: Motata otomatik ce, ban taɓa sauka Hawan Kibo ba. Wani abokina ya ce in sa ta a firi in rage shan mai, wani kuma ya ce in ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa. Wanne zan bi? (Wani matashi, Jekadafari, Gombe)

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya. Dukansu biyun hanya ɗaya suke kaiwa, wato ka taka birki a tsakiyar gangara ka ji babu komai.

Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar goga fata a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, kuma duk gudun da ya rage zafi yake komawa. A cikin gari kana takawa kana saki, iska na huce shi. A doguwar gangara kuwa, idan ƙafarka ba ta ɗaga ba, zafin taruwa yake yi har abu biyu su faru. Na farko, fuskar fatar birkin ta ƙone ta yi sulɓi, ka taka ka ji tauri amma mota ba ta kamawa, kana jin ƙauri. Na biyu ya fi muni: man birkin ya tafasa. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka zuwa taya, amma tururi yana matsuwa, sai ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa fayau. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230. Matsalar ita ce man yana shan danshin iska a hankali. Idan ya tsufa, na farkon yakan sauko wajen digiri 140, na biyun 155. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, ba ƙari kawai ake yi ba. Yawancin motocinmu na hannu kuwa tun man da suka shigo ƙasar da shi ne a ciki. Buɗe bonet ka duba ɗan tankin: sabon mai garau yake, ɗan rawaya-rawaya, tsoho kuma ya yi duhu. Ka sa bakanike ya cire taya ya duba fatar. Idan kaurinta bai wuce milimita 3 ba a canja, kuma a yi haka kwana uku ko huɗu kafin tafiya domin sabuwar ta zauna.

Batun firi kuma, ko ribar man da abokinka ke hange babu ita. Motar zamani mai injekta, idan tana cikin giya kuma ka ɗaga ƙafa daga totur, na'urarta yanke mai take yi, tayoyi su riƙa juya injin. A firi kuwa dole ta sha mai don kada ta mutu. Ka ga an yi biyu babu: ba a rage mai ba, an kuma bar wa birki aikin shi kaɗai.

Abin yi shi ne ka bar injin ya riƙe motar. Tun kana sama, kafin hancin mota ya sunkuya, ka rage gudu ka sauko da giya. Mai kuloci ya sa lamba uku, inda ya yi tsanani lamba biyu. A otomatik ka duba gefen sandar giya, za ka ga 3 da 2 da L, ko S, ko alamar ƙari da ragi, ka ja zuwa 3 ko 2. Injin zai ɗaga murya, kada ka tsorata, aikinsa yake yi muddin allurar ba ta kai ja ba. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce giyar da za ta hau da kai, da ita za ka sauka. Idan gudu ya ƙaru, taka birki da ɗan ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu, ka sauko da shi daga misalin 50 zuwa 35, ka saki gaba ɗaya ya sha iska. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba.

Idonka kuma ya riƙa komawa madubi. Hawan Kibo ya yi ƙaurin suna ne saboda tireloli da tankoki masu lodi da birki ke tsinke musu. Idan ka ga babbar mota na matso ka tana ƙyafta fitila da hon ba ƙaƙƙautawa, ko hayaƙi na tashi daga tayoyinta, ba ta hanya nan take. Idan kuma kai ne a baya, ka bar tazara mai yawa, kada ka yi oba a kwana komai jinkirinta.

In Allah ya kawo tsautsayi birkinka ya ɗauke, ka riƙa takawa kana saki da sauri, wani lokaci yana dawowa. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ja hambirki a hankali, babban yatsanka na danne da maɓallinsa, don in tayoyin baya suka kulle ka iya sassautawa. Kada ka kashe mota, sitiyari zai yi tauri, yana ma iya kullewa. Idan duk bai yi ba, goga gefen motar a jikin tudu ya fi ka nufi ɓangaren rami. Bayan ka tsaya kada ka watsa wa faifan ruwa, lanƙwashewa zai yi. Ba shi rabin awa ya huce da kansa. Lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

TAMBAYA: Na ji ana cewa a dawowa motoci ke yin zafi a kan hawan. Me zan duba? (Wani direban haya, Azare)

AMSA: Haka ne, Malam direba, zuwa na birki ne, dawowa na lagireto. A hawa injin na aiki da ƙarfi, mota kuma na tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ta ragu. Da safe kafin ka tayar da mota ka duba ruwa, ka matsa robobin ruwa ka ji ko sun yi laushi ko sun tsattsage, ka duba fanbel, ka tabbata fanka na tashi. Sai murfin lagireto, wanda kowa ke rainawa. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwan zai tafasa da wuri, balle a tsayin Jos, mita 1,200 daga teku, inda ruwa ke tafasa tun a digiri 96. Kuɗin murfin bai taka kara ya karya ba.

Da ka fara hawa kashe na'urar sanyaya mota, ka sa ƙaramar giya, kada ka bar injin na nishi a babba. Idan allurar zafi ta doshi ja, nemi fili ka tsaya. In ba ruwan da ke zuba, bar injin a kunne na 'yan mintuna fanka ta yi aiki. In tururi ke fita, kashe shi. Kada a taɓa murfin sai bayan minti 30, da tsumma mai kauri, a ɗan murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Zuba ruwan sanyi a injin da ya yi jawur shi ke ƙona gaskit ko ya tsaga kan injin. Ka taho da jarkarka ta lita biyar daga gida, ruwan rafi da laka toshe lagireto yake yi.

TAMBAYA: Idan na hango ruwa na zuba a gefen dutse ina tuƙi, zan iya tsayawa nan take mu yi hoto? (Wata ma'aikaciya, Tumfure, Gombe)

AMSA: A'a, Hajiya, wuce shi tukuna. Irin wannan ruwan yawanci a lungun kwana yake, inda dutse ya lotsa, kuma nan ne wanda ke tahowa ba ya ganin ki sai ya iso. Ci gaba har inda titi ya miƙe, ana hango ki daga nesa ta gaba da baya, kuma tayoyi huɗun duk za su sauka daga kwalta. Da damina ki fara taka gefen da ƙafa ko ki dube shi da kyau, ciyawa na ɓoye rami. Ja hambirki, sa P ko lamba ɗaya, karkata sitiyari yadda in motar ta silale za ta nufi tudu, a sa dutse a bayan taya. In za a tafi a ɗauke dutsen daga hanya, masu babur ke cin karo da shi da dare. Kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi. Wuri biyu ba a fakin ko na minti ɗaya: bayan kwana a ƙarshen gangara, don nan motar da ta ƙwace ke ƙarewa, da kuma ƙarƙashin dutsen da kika ga ɓaraguzai sabbi a gindinsa. Mai ɗaukar hoto kada ya riƙa ja da baya idonsa na kan waya. Ya fara tsayawa inda zai tsaya, sannan ya ɗaga ta.

TAMBAYA: Wane wata ya fi dacewa, kuma zan iya barin yara su shiga ruwan? Babban ya iya iyo a Wikki. (Wata uwa, Pantami, Gombe)

AMSA: Hajiya, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ya fi cika da ruri, amma jajaye ne da laka, duwatsu a jiƙe, ga hazo a kan hawan. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma ya ragu sosai, yara za su ce ba shi suka gani a waya ba. A ganinmu daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi: ruwa da sauran ƙarfinsa, ya fara washewa, ganye kore, titi a bushe. In an shiga hunturu a ɗauki rigunan sanyi, sanyin Jos ba irin na Gombe ba ne.

Iyon Wikki kuwa kada ya ruɗe ki. Ruwan Wikki na Yankari ɗumi gare shi, digiri 31 rani da damina, garau, kana ganin yashin ƙasa, kuma tafiyarsa a hankali. Kududdufin da ke gindin magangara wani abu ne dabam. Wurin nan da ya yi fari fat da kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaga mutum sama yadda ruwa zalla ke yi, gwanin iyo ma nutsewa yake. Ruwan da ke faɗowa kuma yana nutsawa ƙasa ya juyo ya dawo, sai ya riƙa jan mutum zuwa gindin dutsen maimakon ya tura shi waje. Ƙasan ba shimfiɗe yake ba, taku ɗaya ruwa na gwiwa, na gaba ya shanye kai, ga ramuka tsakanin duwatsu da ke riƙe ƙafa. Sanyinsa kuma yana ɗauke numfashi a daƙiƙun farko. Saboda haka ba tsalle, ba nutso, ba zuwa ƙarƙashin inda yake zuba. Su tsoma ƙafa a gefe inda bai wuce idon sawu ba, babba ɗaya na riƙe da yaro ɗaya ko biyu, ba a ce “kowa na kallonsu” ba.

Mafi yawan raunin da ake ji ma a kan dutse ne. Dubi dutsen da feshin ruwa ke taɓawa, za ki ga ya yi baƙi-baƙi ko kore yana ƙyalli. Gansakuka ce, santsinta kamar an zuba miyar karkashi. A taka inda ya bushe ya yi fari-fari. Silifas da takalmi mai tsini a bar su a mota, a sa kambas mai ƙasan roba. Mai dogon hijabi ko abaya ta tattare ta ɗaure, hannuwa biyu a sake. Mai goyo ta tsaya daga sama ta yi kallo. Saman magangarar, inda ruwa ke shirin faɗawa, ba wurin zuwa ba ne ga kowa. Mai alwala ya ɗebo a buta ya koma busasshen wuri.

Sai abin da baƙi ba su cika sani ba: ruwan da ke gabanki daga kan tsauni ya taho, kuma ana iya sheƙa ruwan sama a can alhali rana na dukan ki a nan. Ruwa ba ya tsami banza. In kika ga ya fara sauya launi zuwa ja, ganyaye da karare na biyo shi, ƙararsa ta ƙaru, ko dutsen da kuka ajiye takalma ya fara nutsewa, ku hau tudu nan take, a bar tabarma da kula. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum. In wani ya faɗa, kada a bi shi. A kwanta rub da ciki a miƙa masa sanda ko rawani ko igiya, ko a jefa masa jarka marar komai a rufe. Wanda aka ciro ba ya numfashi a hura masa iska a baki a danna ƙirji, dannawa 30 hurawa biyu, ba a matsa masa ciki wai ruwa ya fito ba. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Kada a sha ruwan komai haskensa, akwai ƙauyuka da dabbobi a sama. A guji inda ya kwanta ya yi ciyawa, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke zama. In bayan wasu makonni yaro ya yi fitsari da jini, asibiti za a je, akwai maganinta. Akwai kuma ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, yana cizo da rana, galibi a ƙafa. Shi ke yaɗa makantar rafi, amma sai an daɗe ana shan cizonsa, ziyarar yini ɗaya ba abin tayar da hankali ba ce. Dogon wando da safa sun wadatar.

TAMBAYA: Mu nan Mambila muke so. Hanyar ta fi Hawan Kibo wuya? (Wani malamin makaranta, Kumo)

AMSA: Ta fi, Malam, ta fi tsawo da yawan kwana, ta kuma fi kyan kallo. Za ku bi ta Billiri da Kaltungo da Cham zuwa Numan, ku juya Jalingo, sai Bali, sai Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Hawan na farawa bayan Mayo Selbe, a bi ta Maisamari da Nguroje a isa Gembu. Da damina ruwa na tsiyayowa daga jikin duwatsun gefen hanya a wurare da dama. Ku ware kwana huɗu aƙalla, ku kwana a Jalingo ko Serti, ku hau da hantsi bayan hazo ya ɗaga.

Tsaunin ya kai mita 1,600 a matsakaici, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Motar da aka cika da mutum bakwai da kaya za ta yi sanyin jiki, a rage lodi. A cikin hazo a kunna ƙaramar fitila, babbar dawo maka take yi a ido. A yi hon kafin kowace makauniyar kwana, kuma a inda hanya ta matse mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya. Kunnuwa za su toshe, manya su tauna cingam, jariri a ba shi nono. Yaron da mota ke sa wa amai a zaunar da shi inda zai riƙa hango gaba, a karɓe wayar hannunsa, a ba shi abinci kaɗan marar maiƙo. Duba tayoyi har da safaya: lambobi huɗun da ke jikin taya mako ne da shekarar da aka yi ta, 2321 na nufin mako na 23 a 2021, kuma hukumar kiyaye haɗura na ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta tashi aiki. Wanda bai taɓa tuƙi a kan dutse ba ya fara gwada hannunsa a hawan Tula da ke nan Kaltungo, ko ya ɗauki direba ɗan hanya daga Serti.